Gwiwar Bibi Gulnisa da Idon Majalisa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Majalisar Ƙoli ta Tantance Likitocin Gaɓoɓi, farfesan farfesoshi, ma'abocin hatimi da jan alƙalami, tare da sauran mambobi masu alfarma, a babban birni.

Bayan gaisuwa gwargwadon muƙaminku, da fatan gaɓoɓinku na lanƙwasuwa ba tare da ƙara ba.

Ni ne Dakta Nadir Aman Baig, wanda ya kammala karatun likita a Lahore da lambar zinariya, ya yi horon ƙwarewa a fannin cututtukan gaɓoɓi, ya kuma ci rubutacciyar jarrabawarku da makin da ku da kanku kuka kira abin yabawa. A halin yanzu ni kaɗai ne mai duba masu amosanin gaɓoɓi a asibitin Kwarin Marzgol, inda hanyar mota take ƙarewa, duwatsu su ci gaba. Maƙasudina ɗaya ne: ku ba ni takardar shaidar ƙwarewata, ko ku bayyana wa jama'a hujjar hanawa. Na zaɓi buɗaɗɗiyar wasiƙa ne saboda rufaffun da na aiko sun shiga ofishinku kamar an shuka dusa.

Domin amfanin masu karatu waɗanda ba su sami albarkar ganin sabuwar sanarwarku ba, ga taƙaitaccen bayani. A da, dattijo daga cikinku yakan zo asibiti ya tsaya a kan ɗan takara, ya ga yadda yake duba majiyyaci. Yanzu kun soke wannan wahala. Ɗan takara zai ɗauki kansa a bidiyo ya tura muku, bisa sharuɗɗa uku: gaɓa a buɗe, fuskar majiyyaci a bayyane, hannun ɗan takara a kan fata. Rabin majiyyatan kuma su zama mata, tun da cutar ta fi kama su. Wannan magana ta ƙarshe gaskiya ce ta ilimi, kuma ina jinjina muku da kuka tuna da ita.

Ga ƙorafe-ƙorafena, cikin ladabi.

Na ɗaya. Shin a cikin mambobin Majalisa akwai wanda ya taɓa shan shayi mai gishiri a wani gida a Marzgol? Da akwai, da ya sanar da ku cewa dattijuwar kwarin nan ba ta yaye ƙaurinta a gaban namijin da ba muharraminta ba, ko da kuwa yana rataye da lambar zinariya. Muna da hanyar aikinmu, wadda na gada daga malamina Dakta Rahmat Karim. Hannu da yatsu nakan duba da kaina. Gwiwa kuwa, ana jan labule. Sista Nasima, ma'aikaciyar jinyarmu, tana ciki da majiyyaciya, ni ina waje ina ba da umarni: danna nan, matso ruwan gwiwar zuwa sama, lanƙwasa, faɗa mini inda ta ɓata fuska. Ita ta taɓa, ni in yi ƙiyasi in yanke hukunci. Da wannan tsari muka tayar da mata daga shimfiɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma Majalisa, cikin hikimarta, ta gano yoyon ɗakinmu daga hawa na bakwai na benenta.

Na biyu. Faifan maza da na turo kun karɓa ba tare da taƙaddama ba, har da na wani makiyayi da ya tuɓe wandonsa tun kafin a roƙe shi. Na mata kuma, na ɗauki labule da muryata, sannan bisa izinin matan Sista Nasima ta ɗauki gwiwa zalla, babu fuska. Amsarku ta zo a layi ɗaya: "Hannun da aka gani yana da lalle, ba na ɗan takara ba ne." Allah ya ƙara wa Majalisa basira! Kwamitin da ya iya gane lalle a cikin daƙiƙa, yaya aka yi bai ji muryar da ta bambanta amosanin da jiki ke yaƙar kansa da zaizayewar tsufa ba? Ƙwaƙwalwa kuke tantancewa, ko tafin hannu?

Na uku. Ban karaya ba. Na lallashi wasu dattijai mata suka yarda in taɓa gwiwa da hannuna ta saman wando, suna rufe da mayafi. Kuka amsa: "Gaɓa ba ta bayyana ba, majiyyaciya ma ba ta bayyana ba." Tabbas. Kun kuma tabbatar mana a rubuce cewa faifan yana cikin amintacciyar ma'ajiya, wadda ba mai buɗe ta sai alƙalai tara, da magatakarda, da mai gyaran kwamfuta, da duk wanda ya san lambar sirrin da aka manna a jikin bango, in dai ofishinku irin sauran ofisoshin ƙasar nan ne.

Na huɗu, kuma a nan nake roƙon Mai Girma ya gyara zaman tabarau. Akwai wata baiwar Allah, Bibi Gulnisa, mai kaɗin ulu. Lokacin da aka fara kawo ta, ɗanta Jamroz ne ya goyo ta daga jif ɗinsa har gadon asibiti. Yatsunta sun kumbura ba ta riƙe mazari, gwiwoyinta sun ƙi sujada, surukarta ke kai ta bayan gida. Ƙwayoyin da aka saba ba su yi mata komai ba. Wata allura mai tsada da ake ajiyewa a firji ita ta miƙar da ita. Yau da ƙafarta take zuwa, tana tsokanar masu gadi. Ƙa'idarku ce, ba tawa ba, cewa rumbun magani na gwamnati ba ya sakin wannan allura sai da sa hannun ƙwararre mai takardar Majalisa. Dakta Rahmat ya yi ritaya ya koma Karachi wurin 'yarsa, sa hannunsa kuma zai daina aiki a ƙarshen Nuwamba. A daidai lokacin dusar ƙanƙara take toshe mashigar dutse, babu sauka birni sai bazara. To, wa zai sa hannu? Ni, wanda kuka ce bai taɓa gwiwar mace ba? Ko labulen?

Na biyar. Zance a kwari ba ya ɓuya. Makon jiya Bibi Gulnisa ta shigo ba ranar allurarta ba, ta zauna, ta dube ni sama da ƙasa.

Ta ce, "Ɗana, an ce takardarka ta maƙale a gwiwata. Wannan gwiwa ta hau dutse ta sauko tun ba a haifi ubanka ba, ba ta taɓa tare wa kowa hanya ba. Ɗauko wayar taka. Amma ka gaya wa tsofaffin nan su kalla da sauri, ba kasuwa ba ce."

Jamroz, da ke bakin ƙofa, ya ce, "Dakta Sahib, ka san garin nan. Ranar da ƙafar uwata ta shiga waya, ranar zan daina shiga masallaci da kai a ɗage."

Ta juya ta ce, "Kai rufe mana baki. In na kwanta, kai za ka kai ni bayan gida, ko matarka?"

  Hannunta na kan bakin wandonta, tana shirin yaye shi. Na ce ta dakata, zan sake rubuta wa manya. Ta ce ta ba manya zuwa tsakiyar Nuwamba. In ba su amsa ba za ta dawo, kuma ba za ta sake neman izinina ko na ɗanta ba.

Ya Mai Girma, ga inda falsafarku ta tantancewa ta kawo mu: gaba kura, baya sayaki. Ko tsohuwa ta sayar da suturarta ta sayi allurarta, ko ta riƙe suturar ta koma shimfiɗa. A wane babi na littattafan da kuka karantar da mu aka rubuta wannan a matsayin magani?

Buƙatata mai sauƙi ce, har ma tana jin kunyar girman Majalisa. Ku aiko mace guda daga cikin alƙalanku, in akwai, ta shiga bayan labule ta ga aikin da idonta. In babu, ku dawo da tsohon tsari, dattijo ɗaya ya hau jif ɗin Jamroz ya zo ya tsaya kusa da ni ya saurara. Za mu ba shi ɗaki mai murhu da gurasa mai zafi, in kuma hanya ta taɓa masa ƙugu, ya faɗo hannun wanda ya san aikin.

Ina neman amsa a rubuce, da sa hannu da hatimi, kafin ranar goma sha biyar ga Nuwamba. Idan kuwa Majalisa ta nace a kan sharuɗɗanta, ni mai biyayya ne, zan ɗauki faifan. Sai dai kasancewar ni sabon shiga ne, ina roƙon a haɗo mini da samfurin yadda ake so: gaɓa a buɗe, fuska a bayyane, na wata dattijuwa daga gidan Mai Girma Shugaba. Zan nuna wa Bibi Gulnisa, domin ta san ba ita kaɗai aka girmama ba.

Naka mai biyayya, mai durƙusawa a gaban Majalisa da gwiwoyi biyu, waɗanda a shirye suke a ɗauke su a bidiyo kowane lokaci,

Dakta Nadir Aman Baig,
Ɗan takarar ƙwarewa a cututtukan gaɓoɓi,
Asibitin Kwarin Marzgol.