Ranar Da Na Yi Wa Makaɗa Gadin Ƙofa

Jama'a, ranar Asabar da ta wuce na shafe awa ɗaya da rabi a tsaye a ƙofar sabon ɗakin kiɗa da zane na garinmu, ina gadi. Ba wanda ya ɗauke ni aiki, ba hula, ba sanda. Kiɗan da na wanke rigata dominsa kuwa ta bango na ji shi, ɗif-ɗif, kamar ana daka a gida na uku.

Maƙwabcina Mai Walda ne ya ja mini. Da rana yana haɗa ƙyamare da tagogi, da yamma ya goge hannu ya ɗauki jita. Su huɗu ne: shi, da tela mai ganga, da direban bas mai sarewa, da wata malamar makaranta mai rera waƙa. Shekara tara suna atisaye a bayan shagonsa, tsakanin tulin rodi da injin yanka, mu 'yan layi muna sha kyauta. Garin nan cike yake da irinsu. Kowane lungu akwai mai kiɗa ko mai zane da ba wanda ya san da shi sai maƙwabta da kajinsu.

Manyanmu, Allah ya ƙara musu lafiya, sun tausaya, sun gina ɗaki mai kujeru ɗari biyar. Sau uku ana buɗe shi, domin duk sabon shugaban kwamiti yana zuwa da nasa almakashin. Tsakanin buɗewa da buɗewa, a kulle yake. Duk ukun an gayyaci su Mai Walda, an sa su a ƙarshen jadawali, bayan jawabai. Duk ukun an yi ta jawabi har man janareta ya ƙare, suka dawo gida ba su taɓa ko tsirkiya ɗaya ba.

Da takardar gayyata ta huɗu ta zo, matarsa, Maman 'Yan Biyu, ta tsaya a bakin shago ta ce, "Wannan karon zan bi ka. In ka sake dawowa ba ka kaɗa jitar nan gaban mutane ba, ka rataye ta a bango har abada. Na gaji da guge maka riga ka je ka tafa wa masu surutu."

Ya ce ya yarda. Shi kuwa in ya ce ya yarda, an gama.

Wanda ya kawo dabara shi ne mai haɗa lasifikar ɗakin, wanda kowa ke kira Injiniya, shi kuma bai taɓa musantawa ba. Ya ce, "Kafin kowane taro ana barin makaɗa su gwada sauti, a ji ko makirufo na aiki. Ba inda aka rubuta minti nawa. An sa taro ƙarfe biyu, Mai Girma shugaban kwamiti bai taɓa isowa kafin huɗu ba. Ku gaya wa jama'a su zo da wuri, ku yi wasanku kaf, mu kira shi gwaji."

Kowa ya yi dariya ban da ni. Ban yi nisa a makaranta ba, karatuna na tsofaffin littattafai ne da yawan zama shiru, kuma irin wannan abu yakan hana ni cin abinci. Na shekara ina rubutu a wannan fili ina la'antar makarar manya. Yanzu in jingina da ita? In mugun halin wani ya amfane ka yau, kana da bakin zaginsa gobe? Na kai wa Mai Walda wannan damuwa.

Ya ce, "Malam, tambayar tana da kyau. Ka je ka yi tunaninta a bakin ƙofa. In ka ji jiniya, ka kira Injiniya."

Haka na zama mai gadi. Ina tsaye mutane na ta shiga: masu faci, 'yan kasuwa, mata da goyo, da wata mai zane da ta zo da hotunanta a ƙarƙashin hammata ta jera su jikin bangon da aka tanadar wa hoton shugaba. Aka fara. Duk bayan ɗan lokaci sai in ji ɗakin ya ɗauki tafi, ni kuma in tsinci kaina ina addu'ar Allah ya haɗa Mai Girma da dogon layin mai. Ban taɓa sanin ina da wannan a cikina ba.

Ƙarfe uku da rabi, sai ga jiniya. Mutumin da bai taɓa yin abu da wuri ba a rayuwarsa, ranar nan ya zaɓi ya gyara hali.

Na kira Injiniya. Ya ce, "Saura waƙa ɗaya, wadda Mai Walda ya yi wa matarsa. Minti takwas. Ka riƙe shi."

Na ce, "Da me?"

Ya ce, "Da bakinka mana. Ba shi ne sana'arka ba?"

Mai Girma Shugaban Kwamitin Raya Nishaɗi ya fito daga mota, na tare shi na rusuna. Masu tsaronsa suka yunƙuro, amma da suka ji na ce "Ranka ya daɗe, jama'a sun aiko ni da yabo", sai ya ɗaga musu hannu. Na ƙudura a raina ba zan faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Na ce ba garin da ya taɓa buɗe ɗaki ɗaya sau huɗu sai namu. Na ce kujerun nan har yau sababbi ne fil, saboda irin kulawar da ake ba su. Na ce in ya kama makirufo, ba mai iya raba shi da ita sai ƙarewar mai. Ya yi ta gyaɗa kai, ya ce wa mai riƙe masa jaka ya rubuta na ƙarshen.

Can sai ɗakin ya fashe da tafi da ihu. Ya ce, "Me ake yi a ciki?"

"Gwajin sauti, ranka ya daɗe."

"Da tafi haka?"

A nan ƙudurina ya karye. Na ce, "Tafin ma gwada shi ake yi, saboda jawabinka."

Ya ji daɗi ƙwarai, ya shiga. An ce ya yi awa ɗaya yana bayani kan muhimmancin ba wa makaɗa dama, kuma ba wanda ya ji haushi, domin kowa ya riga ya ƙoshi.

Da aka tashi, na ga Maman 'Yan Biyu ta fito rungume da jakar jitar da kanta, Mai Walda na bin ta a baya hannu sake. Na ce, "Uwar gida, in kawo ƙusa ne a rataye?"

Ta harare ni. "Wa ya tambaye ka? Kai da ko jin waƙar ba ka yi ba." Ta juya wajen mijinta. "Kai kuma rigar nan ba ta dace da fitila ba, ka yi kamar mai zuwa gaisuwar mara lafiya. Wata zan sa a ɗinka maka."

Har yanzu ban warware ko ƙarya ɗaya ta halatta don waƙar da aka yi shekara tara ana jira ba. Ina cikin tunanin sai ga takarda daga kwamiti: wai Mai Girma ya yaba da hazaƙata, yana so in riƙa yi masa maraba a bakin ƙofa duk taro, minti goma. Injiniya ya aiko cewa in roƙi ashirin, wai shi ma tela yana da mata.