Rasuwar Shiru, Keken da Ya Rufa wa Baba Asiri

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, tsoro kuma ya danne, ni Asma'u Abdu ta garin Aliero nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da masu gyaran keke na Jega da Maiyama, rasuwar kekena mai batir, wanda nake kira Shiru. Ya rasu ranar Asabar da ta wuce, da hantsi, a kan hanyar Jega, mahaifina yana bisa sirdinsa. Na san ƙarfe ba shi da rai, Allah ya yafe mini. Amma ban san wata hanyar faɗin wannan magana ba, ga shi ba na iya tsayawa gaban maza in yi bayani.

Da gangan na rubuta da boko, don Baba ajami kaɗai yake karantawa. Duk wanda takardar nan ta shiga hannunsa, don Allah kada ya karanta ta da ƙarfi kusa da zaurenmu.

Ba mu san garin da aka haifi marigayi ba. Yayana Ummaru, direban motar albasa, shi ya tsinto shi cikin kayan gwanjo a Kwatano, ya ɗauro shi bisa mota ya kawo mini. Ban taɓa hawansa a waje ba, sai a tsakar gida idan na sa sakata. A lokacin Baba ya shekara a kan tabarma. Ya faɗo daga saman lodin albasa, cinyarsa ta dama ta karye. An yi masa ɗori, ƙashi ya haɗu, amma ƙafar ta tsotse, ba ta iya taka komai mai nauyi. Wanda ya san Baba, Malam Abdu, ya san ba a miƙa masa hannu. Ya daina zuwa gona, ya daina zuwa kasuwa, daga baya ya fara mayar mini da tuwo yadda na kai shi. Mu biyu ne a gidan. Ina kallon wuyansa yana ƙanƙancewa.

Wata safiya na jingina keken a zaure, na murɗa ɗan makullinsa, na koma bayan ƙofa. Baba ya daɗe yana hararar sa. Can ya hau, ya tura feda da ƙafar hagu, ta dama ta biyo a hankali. Sai keken ya ɗauke shi. Ya kai ƙarshen layi ya juyo yana dariya, rawaninsa ya kwance. Ya ce mini:

"Ɗiyata, ƙahwata ta dawo. Ki dama mini hura."

Ban gaya masa ba. Akwatin batir na ce na fitila ne, ya yarda. Tun ranar yake faɗa wa kowa a masallaci cewa ƙafarsa ta fi da. Sandarsa ma ya ba wani tsoho kyauta.

Marigayi mai kunya ne, mai sanin ya kamata. Wata goma sha huɗu ya yi yana taya Baba tuƙi, bai taɓa nuna cewa shi ke aikin ba. Ummaru ya nuna mini inda halin nan nasa yake. A gindin feda akwai ɗan faifan roba, faɗin murfin gwangwani, an jera masa ƙwayoyin mayen ƙarfe guda goma sha biyu. Gefensa akwai wani baƙin abu kamar ƙwallon dabino, da siririyar waya. Ummaru yana ce masa sansa, ni ina ce masa ido. Idan ƙafa ta juya feda, faifan yana juyawa, ƙwayoyin suna wucewa ta gaban idon ɗaya bayan ɗaya. Idon ya ƙirga biyu ko uku, sai ya aika wa injin da ke cikin tayar baya cewa mutumin nan yana ƙoƙari, a taimake shi. Ƙafa ta tsaya, shi ma ya tsaya. Aka kama birki, ya janye hannunsa nan take. Ummaru ya ce akwai wani irin da ke auna nauyin takun mutum, ya ba shi taimako daidai ƙarfinsa. Namu ba haka yake ba. Bai taɓa tambayar Baba ƙarfi nawa ya rage masa ba. Juyi kawai yake so ya gani.

Kuma ba ya riga ƙafa tashi. Wannan shi ne babban alherinsa. Kullum sai Baba ya fara.

Ba shi da surutu. Da safe idan na murɗa makulli sai ya ce ƙas, sau ɗaya. A kan hanya kuma wani ɗan huuu yake yi can ƙasa-ƙasa, kamar mace tana rarrashin jariri. Baba ya ce kukan sarƙar Turai ne, irin tamu ba ta yin haka. Abincinsa wuta ne kawai. Duk la'asar nakan sa batir cikin kwando in rufe da faifai, in kai gidan maƙwabciyarmu Gudiya mai injin niƙa. Har unguwa ta fara cewa wane irin gero ne Asma'u ke niƙawa kullum. Gudiya takan ce musu su ji da nasu geron.

Rashin lafiyarsa gajeriya ce, kuma soyayya ce ta jawo ta. Tsakanin faifan da idon akwai ɗan rata, bai fi kaurin ƙwayar dawa ba. Dole ne ya kasance. Suna kallon juna ne, ba su taɓa juna. Ranar Asabar na goge keken, na murɗa makulli, na shiga ɗaura tukunya. Baba ya sunkuya zai naɗe ƙafar wando, sai idonsa ya faɗa kan ratar. Mutumin Aliero ne. A garinmu idan aka ga abu biyu da ya kamata su haɗu sun rabu, sunansa karaya. Ya fasa kara, ya yagi farin ƙyalle, ya matse faifan a jikin idon, ya ɗaure tam, yadda aka yi wa cinyarsa. Har tofi ya yi masa.

Ina madafa na ji wani sabon kuka, ƙirr, ƙirr, ƙirr. Na fito da gudu har bakin zaure. Na ga farin ƙyallen yana juyawa, Baba bai yi nisa ba. Da na kira shi da ya ji. Na buɗe baki, sai na ga maza uku zaune a dakali suna kallona. Na ja mayafi na koma ciki. Duk wanda zai yi mini ta'aziyya ya san wannan tukuna.

Faifan ya yi ta cin idon har ya huda shi. Ƙwayoyin suka zube a hanya. Bayan azahar aka kawo Baba a bayan akori-kura, shi da keken, rigarsa sharkaf. Ya ce masassara ce ta kama shi bisa hanya, ƙafar ta yi nauyi kamar ba tasa ba. Na dafa masa sabara ya sha. Ba shi da masassara.

Marigayi ya rasu ya bar batir, cike yake, lafiyarsa lau. Ya bar inji a tayar baya, da fitila, da ƙararrawa mai zaƙin murya, da birki biyu. Duk suna raye, suna jiran a gaya musu Baba ya taka, babu mai gaya musu. Ya bar ƙwayoyi biyar da na tsinto ranar Lahadi, ina tafe ina jan ƙusa a zare cikin ƙasar gefen titi, masu mota suna zaton taɓuwa ce. Sauran bakwai suna can. Ya bar Gudiya, ya bar ni. Ya kuma bar Malam Abdu, wanda har yanzu bai san an yi rasuwa a gidansa ba.

An nemi magani. Ranar Litinin Gudiya ta raka ni Jega, ita ta yi magana, ni na riƙe faifan. Masu gyara uku suka juya shi suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Na huɗu mutumin kirki ne, ya ce zai haɗa wayar kai tsaye da maɓalli, a danna kawai keke ya tafi kamar babur. Gudiya ta ce to ai an gama. Na girgiza kai. Ya ce mene ne kuma, 'yar nan? Ban iya gaya masa ba. Keken da zai tafi ƙafar Baba tana hutawa, ai shi ne zai fara tona maganar. Ummaru kuwa yana Ikko da lodi, ba a sa ran shi sai bayan kwana goma, ba ni da inda zan same shi.

Ga abin da ya hana ni cin abinci. Yayata Fatimatu ta haihu a Gumbin Kure, namiji, za a sa masa sunan Baba ranar Alhamis. Baba ya rantse bisa keke zai shiga garin, surukansa da suka zo duba shi a tabarma su gan shi da idonsu. Na ce taya ta yi faci. Ya aika aka sayo sabon tib, da hannunsa ya sa. Jiya na tsugunna gabansa da niyyar in faɗa. Ya dube ni ya ce:

"Mi ya hwaru, Asma'u? Hurar ta ƙare?"

Na ce eh. Ya cinye tuwonsa tas, ya nemi ƙari. Idan ya sani, tabarmar nan zai koma, kuma wannan karon ba ni da abin da zan jingina a zaure.

Ana karɓar gaisuwa a gidan Gudiya, ba a gidanmu ba. Kada a zo da kuka. Wanda yake da faifai mai ƙwaya goma sha biyu da idonsa, ko ya san inda mataccen keke irin wannan yake, daga nan har Birnin Kebbi, ya zo kafin magaribar Laraba. Ba sai ya yi magana da ni ba, ya ba Gudiya.

Idan ba a samu ba, jana'iza ranar Alhamis ce bayan an karya kumallo. Ba za a ɗauki gawa ba, Baba ne zai hau ta. Ina roƙon masu rakiya kada su taru. Ku warwatsu a kan hanya, daga ƙofar gidanmu zuwa bakin titin Jega, kowa ya tsaya kamar sabgarsa yake yi. Wanda ya ga Baba ya fara haki, kada ya miƙa hannu. Ku tare shi da gaisuwa. Ku tambayi gida, ku tambayi albasa, ku tambayi mai jego, ku ja ta har numfashinsa ya dawo, sannan ku sake shi zuwa na gaba. Mai akori-kurar da ya kawo shi ranar Asabar, don girman Allah ka tsaya a bakin titi, ka ce Gumbin Kure za ka, can wajen Maiyama, ba ka san hanyar ba, kana neman dattijon da zai nuna maka. Ka sauke shi da keken a bayan garin inda ƙasa take gangara, ya shiga bisa sirdinsa.

Ni zan tsaya a ƙofar gida, ko maza nawa ne a dakali. Zan kama kariyar kaya ta bayan keken kamar ina gyara ɗaurin goron suna. Idan ya ɗora ƙafa ya taka, zan tura sau ɗaya. Iyakar ƙarfina ke nan. Daga nan kuma naku ne.