Ranar da Na Haɗiye "Ta"

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na zagi Amurka a gidan rediyon da ke biya na albashi, a tsakiyar birnin Washington, duk Arewa tana ji.

Lokacin watana biyar da kama aiki, saura wata guda a tabbatar da ni ko a sallame ni. Matata tana Funtua tana jira, don sai an tabbatar da ni za a fara maganar takardunta. Mai hankali lallaɓawa zai yi. Ni kuwa na zo da digirin labarin ƙasa da kuma baki. Duk wanda ya cusa Turanci cikin labarai sai na gyara masa. Har editanmu, Malam Isuhu, dattijo ɗan Maraɗi, ban ƙyale ba (na taɓa tambayarsa a gaban mutane ko "biro" da yake kiran ofis na rubutu ne ko kuwa birin daji yake nufi).

Rannan ya miƙo mini rahoto in fassara don shirin noma, kan filayen ciyawa na tsakiyar Amurka. Na ce faɗuwa ta zo daidai da wurin zamana, abin da na karanta ke nan. Shimfiɗaɗɗen fili ne, sai ka yi tafiyar yini ba ka ga inuwar kirki ba. Ruwan sama bai isa ya raya kurmi ba, bai kuma yi ƙarancin da zai bar hamada ba. Da hunturu ƙanƙara ta rufe ko'ina, da bazara zafi ya gasa. Ciyawar kan mutu kowace shekara, saiwoyinta su ruɓe a hankali saboda sanyi, har ƙasar ta yi baƙi ƙirin, ta yi zurfi, masara da alkama su yi ta walawa. Na zuba Hausa son raina. Malam Isuhu ya ce in kawo ya duba, na ce kada ya wahalar da kansa.

Da azahar muka shiga ɗakin watsa shirye-shirye, kai tsaye. A takarda ga abin da na rubuta: "A duk duniya babu baƙar ƙasa kamar ta Amurka, sai ko ta Yukren da ta Ajantina." Ba laifi a ciki. Amma lokaci ya ƙure, ni kuma ina jin daɗin muryata, sai na haɗiye "ta" ɗin nan guda uku. Na gyara murya na ce, "Jama'a, a duk duniya babu baƙar ƙasa kamar Amurka, sai ko Yukren da Ajantina."

Ban tsaya nan ba. Na ƙara da nawa, wanda babu a takarda: "Duk wanda ya tona zai gani."

Ta cikin gilashi na hango Malam Isuhu ya cire tabarau ya ajiye, ya dafe kai. Na ɗauka daɗin Hausar ne ya kama shi.

Da na fito ya ce, "Malam, zo biro." Ya rufe ƙofa, ya kunna mini faifan har sau biyu, sannan ya tambaye ni cikin natsuwa, "Mi Amirka ta yi maka? To ita ka zamna cikinta. Ajantina fa, mi ta ci maka?"

Kunya ta rufe ni, tsoro kuma ya fi kunyar. A jirgin ƙasa zuwa unguwarmu ta Wheaton ban ga komai ba sai fuskar matata. Wasiƙu suka yi ta zuwa, wasu na jinjina wa jaruntata, wani daga Gusau ya ce yana yi mini addu'a kada a kama ni. Malam Isuhu ne ya hau sama wurin manya, ya yi musu bayanin cewa a Hausa kalma ɗaya ce ke ɗauke da turɓaya da kuma ƙasa mai tuta. Ya sa na karanta gyara a shirin mako na gaba, ya kuma sa hannu aka tabbatar da ni. Bai taɓa tayar da maganar birin daji ba, abin da ya fi duka ciwo.

Wadda gyaran bai kai gare ta ba ita ce Inna, mahaifiyata. Ta sa aka kira ni a wayar maƙwabta.

"In ƙasar ba ta karɓe ka ba ka dawo gida, ɗan nan."

"Inna, ƙasar noma nake nufi, irin ta fadama."

"Na ji da kunnena. Ba sai ka ɓoye mini ba."

Tun daga ranar, kowace "ta" da "na" sai na ja mata layi da jan biro kafin in buɗe baki, kuma ban ƙara gyara wa kowa Hausa ba sai ya roƙe ni. Inna kuwa har ta rasu tana gaya wa baƙi cewa ɗanta ne ya faɗa wa Amurka gaskiya a cikin gidanta.