Ruwan Inabi Iri Bakwai

Yau wata huɗu babu mai ba mu dariya a ƙofar gidanmu a unguwar Ruwais ta Jidda. Yayana Haladu ya rasu, bencinsa na nan ba kowa. Allah ya jiƙansa, ku taya ni da amin. Ga wani labari da yake yawan ba mu, yadda na riƙe shi.

Wani ne, sabon zuwa Jidda, ko iƙama, takardar izinin zama, bai samu ba, yana dako a kasuwar kayan marmari. Ran nan ya sauke wa wani mai shagon matsar lemo kwandunan inabi daga Ɗa'ifa. Mai shagon ya ce, "Zo ya hajji, ɗanɗana."

Shi a saninsa inabi iri ɗaya ne. Sai ga fari dogo, ga baƙi marar ƙwallo, ga wasu jajaye ƙanana masu tsami da mai shagon ma bai san sunansu ba. Ana matsawa yana shanyewa, har kofi bakwai, kowanne da irinsa.

Ya ce, "A zuba mini a kwalba in je da shi gida."

Mai shagon ya ce, "La, la! In ka rufe shi a wuri mai zafi, kwana uku ya zama giya. Bulala tamanin, sannan a sa ka a jirgi."

Gogan ya kama hanya. Can ya tsaya cak, ya dafa cikinsa. A rufe yake. Ga ɗumi. Ga zafin Jidda.

Nan take ya hangame baki, da haka ya isa ɗaki. Ubale, abokin zamansa, ya ce, "Kai, lafiya? Ƙudaje fa na shiga."

"Su shiga, in dai iska na shiga."

Kashegari ya sayo dunƙulen ƙanƙara, ya kwanta ya ɗora a cibiya. Aka kawo shinkafa ya ƙi ci, wai marfi ce.

Rana ta uku ya miƙe, yunwa ta juya masa kai, ya yi tangaɗi ya dafe bango.

"Halas! Shi ke nan, giya ta nuna. Ubale, kai ni wurin liman kafin askari, 'yan sandan nan, su ji warina."

Malam Abdulwahid, limamin unguwa, ya shinshina bakinsa, bai ji komai ba.

"Giya ka sha?"

"Halal na sha, Allah gafarta malam. A ciki ta lalace."

Da Malam ya ji zancen daga farko, sai ya gimtse dariya, ya shafa gemu. "To, babu bulala a kanka. Kai ba mashayi ba ne, tulu ne."

"Alhamdu lillahi!"

"Sai dai tulun giya fasa shi ake yi. Ubale, yalla, maza miƙo taɓarya."

Gogan ya rungume ciki da hannu biyu, ya ja da baya.

"Kar a yi ɓarna, Allah gafarta malam! A ajiye ni a rana kwana arba'in, da kaina zan zama khal, ruwan tsamin nan da ake zubawa a abinci, shi kuwa halal ne."