Shaidar da Ya Kaltum Ta Yi wa Nagoggo

Shekara bakwai na yi ina karatu a ƙasar waje, na dawo da ɗabi'ar da har yau ban san ko alheri ce ba: ba na yarda da mutum sai na bincika. A can, kafin ka bar wa wata ɗanka, sai ka nemi waɗanda ta yi wa aiki a baya ka yi musu tambayoyi. Ina shakkar ko wannan dabara za ta ci a gida, amma ba ni da wata. Ranar Litinin hutun haihuwata zai ƙare, zan koma koyarwa a Gashuwa, ɗana Fatihu kuwa watansa huɗu.

An kawo mini mai raino, Nagoggo, Bafulatana mai kimanin shekara arba'in, Hausarta kaɗan. Shekara tara ta yi tana rainon jikokin wata tsohuwa a Nguru, Ya Kaltum, wadda ba ta jin komai sai Barbarci. Ni kuwa, duk da mahaifiyata Babarbariya ce, ban wuce gaisuwa ba. Dole ranar Asabar na goya Fatihu na shiga motar Nguru, na nemi Ajimi, ɗan kawuna mai sayar da bandar kifi, ya yi mini tafinta. Matsalar ɗaya ce. Taubashina ne, kuma tun muna yara bai taɓa gaya mini magana a miƙe ba.

"...ya hanya, ya mai gidan? Af, Baturiya, har da takarda?" in ji shi a ƙofar gidan tsohuwar. "Jarrabawa za ki yi mata?"

"Tambayoyi goma sha biyu ne. Don Allah, Ajimi, yau ɗaya ka zama mutum."

"Yaushe baiwa ta fara ba ubangidanta umarni?"

"Ubangida mai ƙarnin kifi? Tun daga Jajimaji na fara jin ka."

"Kika biyo ƙarnin har nan. Ke da kika sha yare a nono, kika je kika zubar da shi a teku."

Mun tarar da Ya Kaltum a kan tabarma ƙarƙashin darbejiya. Ta miƙo hannu ta karɓi Fatihu ta ɗora a cinya. Na buɗe takardata, na ciro biro.

"Tambaye ta, yaya halin Nagoggo?"

Tsohuwar ta kwashe da dariya, ta yi magana mai tsawo.

"Ta ce malalaciya ce," in ji Ajimi. "A shekara tara, ba ta taɓa ganin ta tashi kafin hantsi ba."

"Ƙarya kake."

"Rubuta dai. Ba abin da ya kawo ki ke nan ba?"

"Tsafta fa?"

"Ta ce wankanta biyu a shekara, ƙaramar salla da babba. Kun dace."

"Ajimi."

"Ta kuma ce ki riƙa kulle madarar yaro. In Nagoggo ta ga farin abu a kwano, ba ta tambayar na wane ne."

Biron ya tsaya a hannuna. In Ajimi ne ke shirya wannan, zan kori mace tagari saboda shiriritarsa. In kuwa gaskiya ne, saura kwana biyu, kuma ba ni da kowa a Gashuwa da zan bar wa jariri daga safe zuwa la'asar. Na dubi fuskar tsohuwar ko zan karanta wani abu. Dariya kawai take yi tana wasa da ƙafar Fatihu.

"Ajimi, ɗana ne fa," na ce. "In wasa kake, ka bari."

Ya dube ni. "Zulaihat," ya ce. Rabon da ya kira sunana har na manta. "Ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Yau kam gaskiya nake ta faɗa, har abin ya fara ba ni tsoro."

Na fara naɗe takardar. "To shi ke nan. Ka yi mata godiya."

"Zauna, Baturiya. Duk danginmu, wa ya fi kowa mugun hali?"

"Kai mana."

"Madalla. In gobe tafiya ta kama ki, za ki bar Fatihu a Nguru, gidan wa za ki kai shi?"

"Gidanka," na ce ƙasa-ƙasa.

"Na ji amsar," in ji shi. "To Nagoggo Bafulatana ce, wannan kuwa Babarbariya. Abokan wasa ne, kamar ni da ke. A ina kika taɓa jin Babarbare ya yabi Bafulatani a gaban baƙi? Da ta ce miki tana da kirki ta yi shiru, da ni zan ce ki gudu. Digiri biyu, amma sai mai kifi ya karantar da ke."

Kunya ta rufe ni, dariya kuma ta ƙwace mini. Na zaro turaren da na sayo wa Kawu na ajiye a gabansa.

"Ungo. Ka yi nasara. Ka ma fi shi buƙata."

"Na karɓi harajina," ya ce, ya jefa a aljihu.

Duk da haka hankalina bai gama kwanciya ba. Na ajiye takardar a kan tabarma.

"Tambaya ɗaya ta rage, ba ta cikin goma sha biyun. Ka ce mata ban da wasa, tsakaninta da Allah. In Fatihu jikanta ne, za ta ba Nagoggo shi?"

Ya faɗa mata. Ya Kaltum ta daina dariya. Ta daɗe tana kallon yaron da ya yi barci a cinyarta, sannan ta yi magana a hankali.

"Ta ce jikoki biyar ta ba ta, duka biyar suna makaranta yanzu, kuma autan har yau ba ya shan magani sai an ce Nagoggo ce ta aiko. Ta ce ki ɗauke ta." Ya ɗan saurara, tsohuwar ta ƙara wani abu tana nuna ni da yatsa. "Ta ce amma in kika gaya wa Bafulatanar nan ita ta faɗi haka, za ta ce tafinta ne ya yi ƙarya."