Kawuna Uku a Bangon Mahauci

Ko da ɗan ganin nan da ya rage mini ya ƙare, ba zan taɓa mantawa ba da aikin da na yi a Ƙofar Rini. Ni mai zanen bango ne, kuma tun da hawan jinin ido ya kama ni nake ganin duniya kamar mai leƙe ta ramin makulli. Yayana Bello ya daɗe yana matsa mini in ajiye buroshi in zauna shagonsa na hatsi ina gadin buhuna. Da wani mai aski ya ba ni aikin zana kawuna uku masu aski iri-iri a bangon shagonsa, Yaya ya ce wannan ne gwajin ƙarshe: in na ɓata, sai shago.

Mai askin ya ce zai zo ya raka ni. Na ce Allah ya kiyaye, ni da aka yanke wa cibi a unguwar? (Girman kai rawanin tsiya, na sani, ba sai kun faɗa ba.)

Da sassafe ɗan kabu-kabu ya sauke ni. Na hangi ƙofa shuɗiya, na lalubi bango, na buga ƙusoshi na ja zare, don da zaren nake sanin iyakar zane. Na manna hanci a bango na shiga aiki. Mura nake yi ranar, ba don haka ba da hancin nan ya cece ni.

Wallahi kawunan sun fito. Har tsaga na yi wa na tsakiya. Ina gyara masa gemu na ji mutane sun taru a bayana ana ƙus-ƙus, ni kuwa na ƙara gyara tsayuwa, a zatona yabo ne. Sai aka dire wani abu mai nauyi kusa da ƙafata.

"Malam, mi kaka yi nan?"

Na ce aikin mai gida nake yi.

"Ni ne mai gida. Kuma kan rago nika saidawa, ba na mutane ba."

Ashe shagon askin na gaba ne, shi ma ƙofarsa shuɗiya. Wannan na mahauci ne, dawowarsa ke nan daga mayanka. Wani tsoho ya tambaye shi nawa zai bar masa mai gemun, aka kwashe da dariya. Na ji kunya ba kaɗan ba.

Kafin azahar labari ya kai wa Yaya. Ya zo ya ce in tattara gwangwanayena, magana ta ƙare. Na tambaye shi ko a cikin masu dariyar nan akwai wanda ya ce kunne ya karkace ko hanci ya yi tsawo. Ya ce babu.

"To bangon na ɓata, Yaya, ba zanen ba. Buhunanka su nemi wani mai gadi."

Na shafe kawunan da farin fenti (mai gemun ya fi ba ni tausayi), na zana wa mahaucin rago mai ƙaho kyauta, washegari na yi wa mai aski nasa. Ragon na nan har yau, kuma mahauta biyu sun zo nemana saboda shi.

Buroshi kam ban ajiye ba, ba kuma zan ajiye ba. Sai dai yanzu kafin in buga ƙusa, sai mai bango ya kama hannuna ya ɗora a kai, ya kuma faɗa mini abin da yake sayarwa.