Yadda Na Kori Malam Umaru Daga Guruf

Ba zan taɓa mantawa da hutun da na dawo gida Maiyama daga karatu a Aliero ba, lokacin da hedimastan tsohuwar firamarenmu ya aiko kirana. Wai malamai suna son a koya musu amfani da dandalin sada zumunta, su riƙa hulɗa da takwarorinsu na Jega da sauran garuruwa, ana musayar darussa da labarin ƙaro karatu. Ni kuma an ce na san waya. (Gaskiya wayar kaɗai na sani. Da mutane sun haura biyu a gabana, harshena naɗewa yake.)

Ban iya cewa a'a ba. Na yi kwanaki ina kai-kawo a tsakar gida ina yi wa bango bayani, har Inna ta tambaya ko lafiya. In na zauna sai in miƙe, in na miƙe sai in rasa abin da ya tashe ni. Mutanen nan su suka koya mini riƙe fensir. Abin da na mallaka kuma a garin guda ɗaya ne: ana cewa ɗan Alhaji mai albasa yana da ladabi, da wannan Baba yake taƙama a kasuwa. Tsorona kada in zubar masa da shi.

Ranar, hedimasta ya buɗe guruf, ya zuba malamai a ciki, ya ba ni ikon gudanarwa. Na nuna yadda ake sa suna da hoto, da yadda mutum zai rubuta darasin da yake koyarwa don abokan aiki su gane shi. Abin ya tafi daidai. (Nan ne kaina ya fara girma.)

Sai na zo kan batun tsaro. Ina dubawa na ga wata lamba, ba suna ba hoto. Na ɗaga wayar sama na ce, da muryar da ban san ina da ita ba, "Kun ga irin wannan? Duk wanda ya ɓoye fuskarsa a guruf ɗan damfara ne. Ga yadda ake korarsa." Na latsa.

Kowa ya duba wayarsa. Malama Hauwa, mai koyar da lissafi, ta ɗago a hankali ta ce ai wannan sabuwar lambar Malam Umaru ce.

Malam Umaru shi ne dattijon makarantar, shi ya koyar da ni a aji ɗaya, kuma aminin Baba ne tun ƙuruciya. Yana zaune a baya, bai sa hoto ba don bai yarda da ɗaukar hoto ba.

"Wanga yaro da nika share ma majina," in ji shi, ba tare da ɗaga murya ba, "yau shi yag gano ni ɗan damfara ne. Madalla."

Na mayar da shi guruf ɗin nan take. Ya juya ya tambayi na kusa da shi inda ake latsawa a fita, aka nuna masa, ya latsa, ya sa wayar a aljihu ya tafi. Abin da ya koya a darasina ke nan.

Labari ya riga ni isa gida. Baba bai yi faɗa ba, ya dai ce in sa hula. Ya goya ni a babur har Mungadi, inda Malam yake zaune. Na durƙusa a zaure gwiwoyina suna zafi, su kuwa suka shiga hirar ruwan bana da irin albasa kamar ba ni a wurin. Sai da ƙafata ta mutu sannan Malam ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Mai da ni. Ka rubuta sunana cikakke, kada wani mai ilimi shi sake korata."

A hanyar komowa Baba ya yi dariya har babur yana tangaɗi, a nan na san an yafe mini.

Har yau ina koya wa malamai waya in an neme ni. Sai dai in aka zo darasin korar mutum, da lambata nake misali. Ita ce kaɗai na tabbatar ba sai an je zaurenta ban haƙuri ba.